Me ya sa ba a fara takun rumba a kan ɗaya?

"Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna zaune a Manchester, kuma mun fara zuwa ajin rawa na ma'aurata a zauren unguwarmu. Da aka koya mana wals ba mu sha wahala ba, amma da aka zo rumba sai na rikice. Malamar tana ƙirga biyu, uku, huɗu, ɗaya, ni kuwa ƙafata ba ta yarda ta tsaya a kan ɗaya, kullum sai na riga kowa. Ta ce in motsa ƙugu, na motsa, ta ce ba haka ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, mahaifina a Maraɗi yana da kaset-kaset na mawaƙan Kwango Franco da Tabu Ley, ya ce su ne rumba. Na kuma duba YouTube na ga 'yan Kyuba suna rumba da ganguna zalla, ba mai riƙe da wani. Wacce ce ta gaskiya, kuma yaya zan gyara takuna?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara danƙon ƙauna tsakaninki da maigidan. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: dalilin fara taku a kan bugu na biyu, inda motsin ƙugun yake fitowa, da yadda aka yi abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba suke amsa suna ɗaya. Na daɗe ina koyar da raye-rayen Latin na zaure a nan Ingila, yawancin ɗalibaina manya ne da suka fara bayan sun yi aure sun haihu, kuma da wuya a sami wanda bai yi tuntuɓe a inda kike yi ba. Ki kwantar da hankalinki, kunnenki lafiyarsa ƙalau. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don amsar ta farkon a cikinta take.

Mai sunan na asali

Abin da kika gani na 'yan Kyuba da ganguna shi ne ya fara amsa sunan. A 1886 aka kawo ƙarshen bauta a Kyuba, sai waɗanda aka 'yanta suka baro gonakin rake suka cika Habana da Matanzas suna neman aikin dako a tashoshin jiragen ruwa. Su da iyayensu an kwaso su ne daga ƙasar Kwango, da ƙasar Yarbawa, da yankin Kalaba, da Dahomai. Masaukinsu manyan gidajen haya ne da ake kira solar, kowane iyali da ɗakinsa guda, tsakar gida kuwa ta kowa ce. A wannan tsakar gidan rumba ta girma. Ranar hutu wani zai jawo akwatin katakon da aka zubo busasshen kifi a ciki ya zauna a kai yana bugawa, wani ya ɗauko ƙaramin akwatin kyandir, wani ya kama cokula biyu yana kaɗa jikin katako, don sau da yawa hukuma ba ta son jin gangar baƙar fata a cikin gari. Daga baya dogayen gangunan konga suka karɓi aikin, ko da yake har gobe akwai masu buga akwatin saboda daɗin muryarsa.

Babu jita a wannan kiɗa, babu busa. Murya ce da itace da fata. Mai riƙe da ragamar kowa shi ne kilabe, 'yan sanduna biyu na itace mai tauri da ake buga ɗaya a kan ɗaya, bugu biyar da suke maimaita kansu, uku sannan biyu. Mai waƙa yakan buɗe da rera sautuka marasa ma'ana don ya nuna muryar da za a bi, ya kawo baitocinsa da Sifaniyanci, sannan 'yan amshi su karɓa. Sai amshi ya kankama masu rawa suke shiga fili.

Iri uku ne suka rayu har yau. Yambu ita ce mai sanyi, ana takawa ana kwaikwayon tafiyar tsofaffi. Gwagwanko ta mace da namiji ce amma ba sa riƙe juna: shi yana kewaya ta yana neman ya shammace ta da wani motsi na ƙugu ko ƙafa ko hankici, ita kuma tana karewa da gefen siket ko tafin hannu tana juya masa baya. Kolumbiya ta fito daga ƙauyukan Matanzas, mai sauri ce, a al'ada namiji ɗaya ke shiga fili ya yi ja-in-ja da mai ƙaramar gangar da ake kira kinto, ƙafa ta faɗa ganga ta ba da amsa. A 2016 UNESCO ta sa wannan rumba cikin jerin al'adun da duniya ta gada. In kina son ki ji ta daga hannun masu ita, ki nemi ƙungiyar Los Muñequitos de Matanzas, wadda aka kafa a 1952.

Yadda sunan ya koma kan wani kiɗan

Kiɗan da malamarku take sa muku ba wannan ba ne. Jikan son ne da bolero, kiɗa biyu da suka fito daga gabashin tsibirin, wajen Santiyago. Bolero waƙar soyayya ce da jita, a hankali, ta bayyana a shekarun 1880. Son kuwa yana da jita irin tasu, da bongo, da caki, da kilabe, da bes, babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya, daga baya aka ƙara ƙaho. Ya mamaye Habana a shekarun 1920, kuma shi ne mace da namiji suke rawarsa a riƙe da juna da gajerun taku.

A daidai lokacin an hana sayar da giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933, masu kuɗinsu suna tsallakawa Habana shaƙatawa suna komawa gida da kiɗan a kunne. A 1930 ƙungiyar Don Azpiazú, Antonio Machín na bakin waƙa, ta naɗi El Manisero a Niyok, waƙar mai tallar gyaɗa da Moisés Simons ya tsara. Son ce, amma aka buga mata rumba a jikin faifai, ta kuwa sayu ƙwarai da gaske. Tun daga nan duk kiɗan Kyuba da ya shiga kasuwar Amurka da Turai sai a ce masa rumba. Wannan wurin yana taɓa mini zuciya duk lokacin da na zo kansa. Sunan ya zaga duniya ya tara wa mutane dukiya, masu tsakar gidan da suka raine shi kuwa a Kyubar wancan zamanin raina kiɗansu ake yi, ana ce masa na 'yan dako. Duk wanda yake cin abinci da wannan suna, har da ni, ya kamata ya riƙa faɗa wa ɗalibansa na wane ne.

Irin waɗannan faya-fayan ne suka iso Afirka. Daga 1933 kamfanin HMV na Ingila ya fara fitar da jerin faya-fayan garmaho masu alamar GV, galibinsu kiɗan Kyuba, don kasuwar Afirka. A Kinshasa, lokacin ana ce mata Leopoldville, da Barazabil da ke tsallaken kogi, matasa suka ji wani abu na gida a cikin kiɗan, don kakannin wasu makaɗan daga can aka tafi da su. Da farko sun riƙa kwaikwayon Sifaniyancin da ba sa ji, sannan suka koma Lingala, suka ɗora abin da ƙaho da fiyano suke yi a kan jitar lantarki. Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, a cikinta Tabu Ley ya yi suna, OK Jazz ta su Franco kuma ta tashi a 1956. A 2021 UNESCO ta karɓi rumbar Kwango ita ma. Saboda haka Baba yana da gaskiya, ki gaishe mini da shi. Kaset ɗinsa da ajinku kakansu ɗaya, son na Kyuba, sai dai kowa da hanyar da ya bi.

Naku ya bi ta makarantun rawa ne. Amurkawa suka ɗauki takun da ke zana murabba'i a ƙasa, gaba, gefe, haɗe, baya, gefe, haɗe, suna farawa a kan ɗaya, da motsin ƙugu a kai. Makarantun Arthur Murray da na Fred Astaire suka yaɗa shi, kuma har yau shi ne rumbar Amurka, wadda ta fi tamu sauri kaɗan. A Landan ma da shi aka fara. Babban malamin wani Bafaranshe ne, Pierre Zurcher-Margolle, da kowa ke kira Monsieur Pierre, tare da abokiyar rawarsa Doris Lavelle. A 1947 ya tafi Habana ya gane wa idonsa, sai ya tarar mutanen gari ba murabba'i suke zanawa ba, kuma ba a kan ɗaya suke farawa ba. Ya koma a 1951 da 1953, yana rawa da su yana rubutawa. Da ya kawo tsarin Landan malamai suka rabu gida biyu, aka yi shekaru ana kai ruwa rana, sai a 1955 aka amince da tsarin Kyuba. A farkon shekarun 1960 Walter Laird ya rubuta dalla-dalla abin da tafin ƙafa da gwiwa da ƙugu suke yi a kowane bugu. Ƙirgar da malamarku take yi daga wannan layin ta gado ta.

Bugun da ƙafa ba ta sauka a kansa

Kiɗan rumba huɗu-huɗu yake tafiya, bugu huɗu zagaye ɗaya. A gasa ana buga zagaye 25 zuwa 27 a minti, wato bugu 100 zuwa 108, kuma ita ce mafi sanyi cikin raye-rayen Latin biyar da ake gasarsu. A kowane zagaye taku uku ne kacal, biyu gajeru, ɗaya dogo mai cin bugu biyu. Ke nan dole a sami bugu guda da ƙafa ba ta sauka a kansa. Jayayyar malaman Landan duk a kan wanne ne.

A wals bugu na ɗaya shi ne mai nauyi. Kayan kiɗan a kansa suke sauka, ke ma ki sauka tare da su, shi ya sa ba ki sha wahala ba. A son ba haka mai bes yake yi ba. Yakan bugi tsirkiya a tsakanin biyu da uku, ya sake bugawa a kan huɗu, sai ya bar wannan sautin yana amo har ya ratsa ɗaya bai ƙara taɓa tsirkiyar ba. Sautin da ya buga a kan huɗun ma na zagayen gaba ne, wato ya riga sauran makaɗa shiga. Mai konga shi ma yakan mari fatar a kan biyu, ya saki muryar gangar a buɗe a kan huɗu. Mai rawan da yake bin waɗannan biyun, ba muryar mawaƙi ba, jikinsa da kansa zai sa dogon taku a kan huɗu, ya ja shi ya haye ɗaya, ya fara sabo a kan biyu. Abin da Pierre ya gani ke nan a Habana. A cikin kiɗan abin yake tun kafin wani malami ya rubuta shi.

Ga takunki na mace. Nauyinki yana kan ƙafar hagu. A biyu, dama ta koma baya. A uku, nauyi ya dawo kan hagu a inda take, ba ta matsa ba. A huɗu, dama ta tafi gefe, ki zauna a kanta har ɗaya ya wuce. Sai a juya: a biyu hagu ta zo gaba, a uku nauyi ya koma dama, a huɗu hagu ta tafi gefe. Maigidan yana yin kishiyar naki, in kin ja baya da dama shi yana zuwa gaba da hagu.

Yanzu ga inda nake ganin matsalarki take. Kin ce ƙafarki ba ta yarda ta tsaya a kan ɗaya. Ai ba tsayawa ake yi ba. Mai koyo yakan jibge nauyinsa duka a kan huɗu lokaci guda, sai ya wayi gari ba shi da abin yi a kan ɗaya, jiki kuwa ba ya son zaman banza ana kiɗa, sai ƙafa ta tashi kafin lokacinta. Wanda ya iya yana raba aikin. A kan huɗu ƙafa ta isa, nauyi ya hau kanta. Daga nan har ƙarshen ɗaya nauyin yana ci gaba da nutsewa cikin wannan ƙafar, ƙugun wannan gefen yana zamewa waje yana juyawa baya a hankali. Bugu na ɗaya shi ne inda aka fi aiki a duk zagayen, sai dai daga cinya zuwa haƙarƙari ake yinsa, tafin ƙafa yana wurinsa. Duk kyan rumba a nan yake. In na shiga zaure ina kallon ma'aurata, wannan bugun nake duba, don kowa na iya koyon inda zai sa ƙafa a mako guda, amma cika ɗaya da motsi yakan ɗauki shekaru yana ƙara kyau.

Ki yi ƙirgar da Hausa a bakinki, za ta taimake ki fiye da ta Turanci. Kowace lamba cikin huɗun gaɓa biyu gare ta: bi-yu, u-ku, hu-ɗu, ɗa-ya. Gaɓa takwas ke nan, daidai da girgiza takwas da mai caki yake yi a zagaye guda. Ƙafa tana karɓar nauyi a kan bi, da u, da hu. A kan ɗu da ɗa ƙugu yana ci gaba da sauka. Sai a kan ya ƙafar da ta huta take tasowa ta gifta kusa da 'yar'uwarta, ta shirya sauka a kan bi. Kada ki bar ta ta bar wurinta kafin bakinki ya ce ya. Kafin ma ki taka, ki yi 'yan kwanaki kina saurare kawai: ki sa kiɗan kina aikin gida, ki gano ɗaya, wato inda sautin jita ko fiyano yake sauyawa, sannan ki riƙa tafi a kan biyu kaɗai. In wannan ya zauna, ki koma tafi a kan huɗu kina jan numfashi har ɗaya ya wuce.

Ƙugun ba motsa shi ake yi ba

Malamarku ta yi gaskiya da ta ce ba haka ba, sai dai umarnin farkon ne ya ɓatar da ke. Duk wanda aka ce wa ya motsa ƙugu zai murɗa shi da tsokar baya da ta ciki, abin ya fito a sanƙare, kuma ba a kan kiɗa ba. Ki tuna macen da ta ɗauko tulu daga rijiya. Kanta da kafaɗunta ba sa karkata don kada ruwa ya zuba, takunta gajere ne, kowace ƙafa tana karɓar nauyin duka kafin ɗayar ta tashi, ƙugunta kuwa yana kai da kawo ba tare da ta yi niyya ba. Haka motsin rumba yake samuwa.

Ki gwada yanzu. Ki tsaya ba takalmi, ƙafafu kusa da juna, yatsu sun ɗan buɗe waje. Ki mayar da nauyi kan hagu, ki miƙe gwiwar hagu, ki saki ta dama ta lanƙwashe, haƙarƙari yana sama, kafaɗu a kwance. Za ki ji ƙugun hagu ya fita gefe ya ɗan koma baya. Ki sauya. In kina yi a jere, ƙugun zai riƙa zana lamba 8 a kwance. Akwai wata ɗalibata ma'aikaciyar jinya, mai kunne mai kyau, da ta daɗe tana murɗa ƙugu har kwankwasonta ya fara ciwo. Wata rana na sa ta cire takalmi ta dafa bango da hannu biyu, na durƙusa na danne mata diddigen hagu a ƙasa, na ce kada ta motsa komai, ta miƙe gwiwar kawai ta saki numfashi. Ƙugun ya zame da kansa. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, saura ki yi shi a kan kiɗa.

A tsarin da ake koya muku, ƙafa ba ta barin daɓe. Gaban tafin ƙafa ne yake shafar ƙasa yana tafiya, ba a taɓa sauka da diddige kamar tafiyar titi. Gwiwar takan miƙe daf da nauyi zai hau, diddige ya sauka, sannan ƙugu ya zauna. A tsarin Amurka kuwa ana sauka ne a kan lanƙwasasshiyar gwiwa, a miƙe ta daga baya, kuma wannan ya fi kusa da yadda 'yan Kyuba suke taka son da gwiwa a sake. Miƙaƙƙiyar ƙafar aikin zaurukan gasa na Turai ce, don ta fi fitar da tsawon ƙafa ga mai kallo daga nesa. Kuskuren da na fi gani shi ne faɗaɗa taku. In takunki ya wuce faɗin kafaɗunki, nauyi ba zai gama hayewa a kan lokaci ba, ƙugu kuma ba zai sami damar zama ba. Ki rage shi har ki ji kamar ya yi kaɗan, a nan daidai yake. Minti goma kullum da safa a kan daɓe mai santsi, kina tafiya gaba a hankali a kan bi, u, hu, ya fi awa biyu sau ɗaya a mako.

Ke da maigidan, da kiɗan da za ku sa

In kun riƙe juna, hannunsa na dama yana kan allon kafaɗarki na hagu, naki na hagu a kan damtsensa, tsakaninku tazarar kamar taƙi guda. Abin da maza suka fi yi shi ne turawa da ja da hannu. Ki faɗa masa jagorancin daga nauyinsa yake zuwa: in ya hau ƙafarsa sosai a kan huɗu da ɗaya, hannunsa yana nan daram bai saki ba bai matse ba, za ki ji inda za shi kafin ya tafi. Ke kuma naki aikin jira ne. Mace mai kaifin basira takan haddace abin da ke zuwa ta riga shi, musamman a alemana, juyin da ake yi ƙarƙashin hannun namiji. Ina zaton wani ɓangare na riga kowa da kike yi daga nan yake.

Kina da zaɓi, kuma gara in faɗa miki. Za ki iya neman ajin tsarin Amurka, ko ku riƙa takawa a kan ɗaya a gida da wajen biki, ba laifi ba ne, miliyoyin mutane haka suke yi suna jin daɗinsu. Amma shawarata ki daure a kan biyu. Ca-ca-ca da za a koya muku nan gaba a kan biyun take farawa, wahala ɗaya ce za ki sha ta biya miki rawa biyu. Sannan ranar da kunnenki ya kama bes ɗin nan yana ratsa ɗaya, jikinki kuma yana ratsawa tare da shi, za ki ji kiɗan ya sauya miki ɗanɗano.

Kiɗan da kike gwaji da shi yana da tasiri ƙwarai. Yawancin azuzuwa suna sa waƙoƙin soyayya na Turanci da aka ɗora wa gangar inji, a cikinsu kuwa bes yana dukan ɗaya da ƙarfi, wato kiɗan yana ce miki ki taka, malama tana ce miki ki jira. Ki nemi tsofaffin bolero na Kyuba, waɗanda ake jin caki da bongo da kilabe a fili. Cikin kaset ɗin Baba ma za ki dace, don OK Jazz sun yi bolero da dama a farkon shekarunsu. Sai dai in jita ta shiga seben, sashen nan mai zafi na ƙarshen waƙa, an bar rumbar zaure an shiga wata rawar.

Rumbar da za ki gani a manyan gasa, irin gasar Blackpool da aka fara tun 1920, kada ki auna kanki da ita. Ita ce ta uku a jerin raye-rayen Latin biyar ɗin, kafin faso dobile da jayib, kuma 'yan wasan motsa jiki ne suke yin ta. Ina girmama aikinsu, amma ba na son yadda wasu suka mayar da ita tsage ƙafa da yamutsa fuska, har kiɗan ya zama abin da ke tashi a bango kawai. Alƙalai dai har yanzu lokaci suke fara dubawa, waɗanda suka saki bugu kuma sukan faɗo ƙasa komai kyan surarsu.

Inda amsata ta tsaya

Daga nesa nake ba ki amsa, ban ga tsayuwarki ba, malamarku kuwa tana gani. In abin da ta faɗa a kan jikinki ya saɓa da nawa, ki bi nata. Miƙe gwiwa ba ya nufin danna ta baya har ta kafe; tsokar cinya ce take riƙe ta. In kika ji zafi a gwiwa ko kwankwaso da ya kwana, ki dakata ki ga likita, wannan ya wuce aikin malamin rawa. Takalmi mai tsini kuma ba dole ba ne a farko, mai gajeren diddige da ƙasa mai laushi ya wadatar.

Hukuncin addini a kan rawa da kiɗa na malamai ne, ba zan sa baki a ciki ba. Abin da zan iya faɗa na aji ne. A nan Ingila ana yawan sauya abokin rawa a tsakiyar darasi, amma in kun gaya wa malama tun farko cewa ku biyu za ku tsaya tare, abu ne da aka saba ji kuma ana mutunta shi. Doguwar riga da wando a ciki ba sa hana komai, kuma akwai azuzuwan mata zalla da na rawar mutum ɗaya, inda ake koyon duk abin da na bayyana ba tare da riƙe kowa ba. Rumbar ganguna kuwa ba ita nake koyarwa ba. In ta ja hankalinki, ki nemi 'yan Kyuba da suka tashi a cikinta.

In kun yi kamar wata guda kuna wannan gwajin, ki roƙi malamar ta rage saurin kiɗan, ta duba miki abu ɗaya tak: lokacin da ta ce ɗaya, diddigen ƙafar da kike kai yana ƙasa, gwiwar a miƙe, ɗayar ƙafar kuma tana nan a gefe ba ta taso ba?